Lafiya haƙƙi ce: abin da doka ta ce da abin da ya rage gare mu

Darasinmu na wannan karo ya shafi kowane gida. Za mu yi magana a kan haƙƙin samun magani. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Wanda ba shi da ita ba ya riƙe hauya, ba ya bin garke, ba ya zuwa kasuwa.

Tambayoyi uku za mu amsa. Ta farko: mene ne kundin tsarin mulki? Ta biyu: me ya sa ake son a rubuta haƙƙin lafiya a cikinsa? Ta uku: me talaka zai yi don wannan haƙƙi ya fito daga takarda ya iso ƙauyensa? A karanta sannu a hankali. Wanda ya gane ya bayyana ma wanda bai gane ba.

Mene ne kundin tsarin mulki?

Kowace ƙasa tana da dokoki masu yawa. Akwai dokar haraji, akwai ta gonaki da burtali, akwai ta kasuwa. Amma akwai doka guda wadda ta fi su duka. Ita ce kundin tsarin mulki. Ana ce mata uwar dokoki. Duk dokar da ta saɓa mata ba ta da ƙarfi.

A cikin wannan kundi ne ake rubuta yadda za a shugabanci ƙasa. A cikinsa ne kuma ake rubuta haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa. An raba shi gida-gida. Kowane gida ana kiransa ayar doka, kuma yana da lambarsa.

Akwai bambanci tsakanin kyauta da haƙƙi. Kyauta, mai ita yana bayarwa in ya ga dama, ya hana in ya ga dama. Haƙƙi kuwa naka ne. In an hana ka, kana da bakin tambaya. Ladan ɗan ƙwadago bayan ya gama noma haƙƙinsa ne. Goron da mai gona ya ƙara masa kyauta ce. Masu neman a sa lafiya cikin uwar dokoki suna so ne magani ya zama kamar ladan nan, kada ya zama kamar goron.

Abin da aka rubuta a ƙasarmu

Maganar ba baƙuwa ba ce a Nijar. A shekarar 1981 ƙasashen Afirka suka amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam da na al'umma. Ayarta ta 16 ta tabbatar ma kowane mutum haƙƙin lafiya. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1986.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ambaci lafiya a ayarsa ta 11, tare da rai da ilmi. Kundin jamhuriya ta bakwai ya ƙara faɗaɗa maganar. Jama'a sun amince da shi a zaɓen raba gardama na ranar 31 ga Oktoba 2010, aka sa masa hannu ranar 25 ga Nuwamba 2010. Ayarsa ta 12 ta haɗa lafiya da abinci mai kyau wadatacce, da ruwan sha mai tsabta, da ilmi. Aya ta 13 ta ɗora ma gwamnati nauyin shirya hanyoyin da kowa zai samu kulawar likita in ya yi ciwo.

Mu lura da hikimar haɗa lafiya da abinci da ruwa. Yaron da ba ya ƙoshi, tamowa ke kama shi. Wanda ke shan ruwan tafki, gudawa ba ta barinsa. Rumbu da rijiya da likita igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, aka dakatar da kundin 2010. A watan Fabrairu 2025 aka yi babban taron ƙasa a Yamai. Ranar 26 ga Maris 2025 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya tsara riƙon mulki na wata 60. Duk ranar da za a zauna rubuta kundi na dindindin, maganar lafiya za ta sake zuwa gaban masu rubutu. Ya kamata ranar ta tarar da mu a shirye, mun san abin da muke so a rubuta.

Wa ke biyan kuɗin magani?

Magani yana da kuɗi, ko da an ba ka shi kyauta. In ba kai ka biya ba, wani ya biya. Tarihin wannan biya yana da darasi.

A shekarun 1980 an ce duba marar lafiya kyauta ne a likitocin gwamnati. Amma sau da yawa ba a tarar da magani. Sai a rubuta maka takarda ka je ka saya. A 1987 ministocin kiwon lafiya na Afirka suka taru a Bamako. Suka ba da shawara jama'a su riƙa biyan wani abu, a riƙa sayo magani mai sauƙin kuɗi da shi, kuma mutanen gari su sa ido a kan asusun.

A 1993 aka gwada hanya biyu a Nijar. A yankin Say, marar lafiya ne kaɗai ke biya: babba dala 40, ƙaramin yaro dala 20. A yankin Boboye, maƙwabtanmu na Dallol Boso, kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara. In ciwo ya zo, babba ya biya dala 10 kawai, yaro dala 5. Da aka duba sakamako, sai aka ga a Boboye masu zuwa likita sun ƙaru ƙwarai, har da mata da yara da marasa ƙarfi. Dalili a fili yake. Kaya in an raba shi tsakanin mutane da yawa ba ya karya wuyan kowa.

A 1995 aka kafa dokar biyan kuɗin magani a ƙasa baki ɗaya. Hanyar da ta bazu ita ce ta biya a bakin ƙofa. Magani ya samu a likita, amma wanda ba shi da kuɗi ya zauna gida.

Daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan ɗakunan likita masu yawa a ƙauyuka. A ƙarshen 2005 aka mai da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A watan Agusta 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ayyuka a likitocinta, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. An fara aiki da shawarar ranar 1 ga Satumba 2024.

Abin da aka samu da abin da ya gagara

Mu duba lissafi. Binciken ƙasa na 1992 ya nuna cikin yara 1000 da aka haifa, 318 ke rasuwa kafin su kai shekara 5. A binciken 2006 adadin ya sauka zuwa 198. A na 2012 ya sauka zuwa 127. Wato a cikin shekara 20 an rage fiye da rabi. Ɗakunan likita na ƙauye, da maganin yara kyauta, da gidan sauro, da allurar riga-kafi duk sun taimaka.

Akwai wasu nasarori. Dattawanmu sun san kurkunu, wanda ke kwantar da manomi damana guda. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida an rabu da shi a Nijar. A farkon 2025 ta shaida an rabu da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta samu wannan shaida.

Amma akwai inda aka samu tangarɗa. A tsarin kyauta na 2006, likita ce ke ba yaro magani, sa'an nan ta aika takardun lissafi gwamnati ta biya ta. Shekara da shekaru biyan ya riƙa yin jinkiri, bashi ya taru. Likitar da ba a biya ba ba ta iya sayo sabon magani. Uwa ta zo da yaro, a duba shi kyauta, a ba ta takarda ta je ta saya. Wannan ya koya mana abu guda: alkawarin da ba a ware ma kuɗi ba, ba ya cika.

A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja. Sun yi alkawarin ware ma kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasashensu. Ƙasashe kaɗan ne suka taɓa cika shi. Shi ya sa masu neman haƙƙin lafiya ba su tsayawa ga rubutu kaɗai. Suna tambayar nawa aka ware, kuma ko ya iso.

Yadda abin yake a yankinmu

Baleyara tana da nisan kusan kilomita 100 daga Yamai, a kan hanyar Filinge. Ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Duk ranar Lahadi kasuwarta na tara Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa. Wanda ya saba shiga kasuwar dabbobi ya san mai sayarwa iri biyu ne. Akwai wanda ya kawo dabbarsa don ta kai sayarwa. Akwai wanda ya kawo ta don akwai marar lafiya a gida. Na biyun ba ya jayayya da dillali. Abin da aka taya shi yake karɓa.

Ciwo kuma ya san lokacinsa. Masassarar cizon sauro tana ƙaruwa a tsakiyar damana har zuwa kaka. Lokacin ne na maimai da na girbi. Lokacin ne kuma rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Magidanci ya kwanta kwana 10, ciyawa ta ci gona. Ko kuma ya ci bashin kuɗi da alkawarin biya da hatsi a kaka, a farashin da mai ba da bashi ya yanka. Ta haka ciwon wata guda ke jawo yunwar shekara.

Sai nisa. A ƙasarmu kusan rabin jama'a suna zaune nesa da babbar likita, wato CSI, da fiye da kilomita 5. Mace mai naƙuda a amalanke cikin rairayin dallol, kowace sa'a tana da tsada gare ta. A wasu sassan jahar Tillaberi rashin tsaro ya sa an rufe likitoci, mutane sun baro garuruwansu. Waɗanda suka gudo su ma ƴan ƙasa ne. Haƙƙinsu na magani yana biye da su duk inda suka sauka.

Darasi daga wasu ƙasashe

Mu leƙa wurare uku mu ga yadda suka yi.

A Najeriya, kundin 1999 ya ambaci samar da wuraren magani ga kowa. Amma an sa maganar a babi na 2, cikin manufofin da gwamnati za ta bi. Kundin da kansa ya hana kotu tilasta ma gwamnati cika abin da ke wannan babi. Darasi: wurin da aka ajiye magana a cikin kundi yana da muhimmanci kamar maganar kanta.

A Afirka ta Kudu, kundin 1996 ya sa haƙƙin lafiya a aya ta 27, inda kotu ke iya shiga. Akwai wani magani mai hana uwa ba jaririnta ƙwayar cutar sida wajen haihuwa. Gwamnati ta taƙaita shi ga likitoci kaɗan. Wata ƙungiyar talakawa mai suna TAC ta yi ta wayar da kai a unguwanni, sa'an nan ta kai ƙara. A watan Yuli 2002 kotun tsarin mulki ta umurci gwamnati ta buɗe hanyar maganin ga sauran likitoci. Darasi: aya a takarda ta yi aiki ne don akwai mutanen da suka san ta, suka tsaya a kanta.

A Amurka, kowace jaha tana da nata kundin. A jahar Oregon wani ɗan majalisa mai suna Mitch Greenlick ya yi shekaru yana kai shawarar a rubuta haƙƙin samun magani mai sauƙin kuɗi a kundin jaharsu. Ya rasu a 2020 bai ga cikar burinsa ba. Magoya bayan shawarar ba su ajiye ta ba. A watan Nuwamba 2022 jama'a suka jefa ƙuri'a, shawarar ta wuce da ƙaramar rata. Oregon ta zama jahar farko a Amurka da ta yi haka. Darasi: mai haƙuri yakan dafa dutse.

A gida ma muna da misali. A watan Maris 2005 ƙungiyoyin farar hula suka haɗa kai a kan ƙarin haraji da ya shafi kayan masarufi kamar madara da garin alkama da ruwa da wuta. Jama'a suka goya musu baya a manyan birane. A watan Afrilu gwamnati ta zauna da su, aka janye yawancin ƙarin. Murya ɗaya ba ta da nisa, amma muryoyi da yawa ana jin su.

Abin da za mu iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa shida da ke cikin ikonmu.

1. Mu san abin da aka ce kyauta ne. Mu roƙi shugaban likita, wanda muke ce ma majo, ya manna farashin kowane aiki a bango. Mu da muka koyi karatu mu karanta ma sauran.

2. In mun biya kuɗi, mu karɓi takardar shaidar biya. Takardar nan tana kare mu, tana kuma kare ma'aikacin kirki daga zargi.

3. Mu shiga kwamitin kula da likita. Kowace CSI tana da kwamitin mutanen gari mai sa ido a kan kuɗi da magani. Mu zaɓi masu amana, mu sa mata a ciki. Mu nemi a riƙa karanta lissafin asusu a gaban jama'a.

4. Mu riƙe littafi a cibiyar yaƙi da jahilci. Mu rubuta ranar da aka je likita ba a tarar da magani ba, da sunan maganin. Mu rubuta sa'o'in da aka yi kafin a kai mai naƙuda. Kukan baki yana wucewa da iska. Abin da aka rubuta da rana da wata, hukuma ba ta iya musunsa.

5. Mu kai wannan littafi ga maigari, da sarkin kanton, da hukumar kwamin, da babban likitan gunduma. Mu yi magana da ladabi, ba zagi, ba ƙazafi. Garuruwa biyar in sun je tare sun fi gari ɗaya nauyi.

6. Mu kafa asusun gaggawa. Ga lissafi: a ce gari yana da gida 60. Kowane gida ya zuba dala 20 a wata. A wata guda an tara jika 6. A shekara an tara jika 72. Wannan kuɗi zai biya man mota a kai mai naƙuda ko yaron da ya suma, ba tare da an sayar da akuya a wulaƙance ba. A sa mutum uku a kan asusun: mai ajiya, mai rubutu, da mai dubawa.

In aka zo neman ra'ayin jama'a game da sabon kundi, ga abin da ya dace mu nema. A rubuta haƙƙin lafiya a fili. A sa shi inda kotu za ta iya kare shi. A haɗa shi da abinci da ruwan sha kamar yadda aka yi a 2010. A tilasta bayyana kuɗin da aka ware ma kiwon lafiya kowace shekara. Kuma a fassara kundin cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da sauran harsunanmu, don kowa ya ji da kunnensa.

Nauyin da ke kanmu

Mai neman haƙƙinsa sai ya sauke nauyinsa. Doka ba za ta shigo ɗaki ta ɗaura ma yaro gidan sauro ba. Ba za ta kai mace awon ciki ba in maigida ya hana. Riga-kafi ya fi magani.

Mu kai yara allurar riga-kafi har a cika takardarsu. Da damana, in ma'aikata sun zo da maganin kare yara daga masassara, mu karɓa. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, kwana 3 a jere. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko. Na sauran kwana biyun yana hannun uwa, kada a manta da shi. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, kada a jira ya fara fizga. Mu guji ƙwayoyin da ake tallansu a rana cikin kasuwa. Mu girmama ma'aikatan lafiya, domin da yawansu suna aiki dare da rana da kayan aiki kaɗan.

Sababbin kalmomi

Kundin tsarin mulki: babbar dokar da ta fi dukan dokokin ƙasa.
Ayar doka: yanki guda na doka mai ɗauke da lamba.
Zaɓen raba gardama: ƙuri'ar da jama'a ke cewa i ko a'a a kan wata shawara.
Kasafin kuɗi: tsarin abin da gwamnati za ta samu da abin da za ta kashe a shekara.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Mene ne bambancin kyauta da haƙƙi? Kowa ya kawo misali daga garinsu.
2. Me ya sa masu zuwa likita suka ƙaru a Boboye a gwajin 1993?
3. Daga 318 zuwa 127, nawa aka rage?
4. Kilomita nawa ne daga garinku zuwa CSI mafi kusa? Da me kuke kai marar lafiya?
5. Su wane ne ke cikin kwamitin likitarku? Yaushe suka karanta lissafi a gaban jama'a?
6. In garinku yana da gida 45, kowane gida ya zuba dala 20 a wata, nawa za a tara a shekara?

Malamin kowace cibiya ya tattara amsoshin tambaya ta 4 da ta 5 a takarda guda, ya miƙa ma mai duba cibiyoyi in ya zo zagaye. Da su ne za mu san halin da kowane gari yake ciki. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa damana ta yi albarka.